Gushewar Ɗokin Na'urar Karatu da Makomar Matanin Hausa: Tsokaci Daga Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna da ma'abota karatu a jami'o'inmu wajen shekarar 2012 zai iya tuna irin ɗokin da aka yi wa wata 'yar na'ura mai siffar allo, wadda aka ce tana ɗaukar littattafai fiye da dubu a cikinta. A wancan lokaci idan malami ya dawo da ita daga wani taro a Ingila ko Amurka, sai abokan aiki su kewaye shi, wannan ya karɓa ya jujjuya, wancan ya tambayi farashi. Har an sami waɗanda suka yanke hukunci cewa kwanan littafin takarda ya ƙare. Bayan shekara goma da 'yan kai, mutanen nan dai da suka yi ɗokin, idan aka ba su labarin fitowar sabon samfuri, iyakarsu su ce madalla su ci gaba da abin da suke yi. Wasu na nan riƙe da tsohuwar da suka saya tun farko, wasu kuwa sun jefa tasu cikin durowa sun manta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin dalilan gushewar wannan ɗoki, sannan ta duba abin da al'amarin yake nufi ga harshen Hausa da adabinsa. Ra'ayin da maƙalar za ta kare shi ne, gushewar ɗokin ba ta nuna cewa mutane sun daina karatu ko sun koma wa takarda. Abin da take nunawa shi ne, matsalar da na'urar ta zo warwarewa, wato nauyin littafi da wahalar samunsa, ta warwaru tuni, kuma matsalar da ta yi saura tana jikin matanin da ake karantawa: ingancinsa, da mallakarsa, da adana shi. A nan ne kuma Hausa ta fi fuskantar hatsari. An tattaro bayanan ne daga sanannen tarihin na'urar, da kuma abin da mai wannan rubutu ya gani da idonsa a tsawon shekarun da aiki ya zaunar da shi a Maiduguri, nesa da gida da kantar littattafansa.

2.0 Na'urar Karatu da Taƙaitaccen Tarihinta

Abin da ake nufi da na'urar karatu a wannan maƙala shi ne allon lantarki da aka ƙera musamman domin karanta littafi, wanda fuskarsa ke aiki da fasahar da za mu kira tawadar lantarki. A ƙarƙashin fuskar akwai ɗimbin ƙananan ƙwayoyi, farare da baƙaƙe. Idan aka saki 'yar wuta kaɗan, sai baƙaƙen su taso sama a inda ake bukatar harafi, fararen su cike sauran fili. Da zarar shafi ya tsaya, ba ya ƙara shan wuta sai an juya shi. Wannan ne ya sa cajin na'urar ke kai makonni, kuma ake iya karatu da ita a tsakiyar rana ba tare da ido ya gaji ba. Da wannan ta bambanta da wayar hannu da kwamfuta, waɗanda fuskarsu ke harba haske cikin ido.

Fasahar ta samo asali ne daga Cibiyar Fasaha ta Masacusat da ke Amurka, aka kuma kafa kamfanin E Ink a kanta a 1997. Kamfanin Sony ya fitar da na'urarsa mai suna Librie a Japan a 2004. Amma wadda ta yi tashe a duniya ita ce Kindle ta kamfanin Amazon, wadda ta fito a watan Nuwamba na 2007 a kan dala 399, kuma kashin farko ya ƙare cikin awa biyar da rabi. Nook ta biyo baya a 2009, Kobo kuma a 2010. Daga nan gyare-gyare suka yi ta zuwa a kan Kindle: fitilar da ke haska shafi daga gefe a 2012, kaifin rubutu mai ɗigo 300 a kowane inci a 2014, jure wa ruwa a 2017, alƙalamin rubutu a kan allon a 2022, sai kuma fuska mai launi da Kindle ta zo da ita a 2024.

Tun kafin a kai ƙarshen wannan jeri alamun ja da baya sun bayyana. Sony, wanda ya buɗe fagen, ya fita daga sana'ar a 2014. Binciken cibiyar Pew ya nuna cewa kashi 32 cikin 100 na manyan Amurkawa ne suka ce suna da na'urar a farkon 2014, amma zuwa 2015 adadin ya sauko zuwa kashi 19.

3.0 Dalilan Gushewar Ɗoki

3.1 Cikar Siffa

Dalili na farko shi ne, na'urar ta kai maƙurar abin da makaranci ke bukata tun da wuri. Makaranci na son shafi mai kaifi, da haske da dare, da caji mai daɗewa, da rashin nauyi. Zuwa 2014 an samar da waɗannan duka. Abin da aka riƙa ƙarawa bayan haka, kamar ɗan faɗin fuska ko saurin juya shafi, ba ya sauya komai ga wanda ya nutsa cikin labari. Hasali ma ingancin kayan karatu shi ne ya ɓace wa makaranci da gani, har ya manta yana riƙe da wani abu. Ba a taɓa jin almajiri na ɗokin fitowar sabon samfurin allo ba, domin allon ya daɗe da cika siffarsa, kuma darajarsa na cikin abin da aka rubuta a kai. A wannan fuska, gushewar ɗoki shaida ce ta nasarar na'urar. Kamfanin Amazon da kansa ya bayyana a 2024 cewa cinikin Kindle ya ɗaga, amma mafi yawan masu sayen sababbin shiga ne. Ke nan tsofaffin ma'abota ba su ga dalilin sauya wadda ke hannunsu ba.

3.2 Tsada da Rage Abin da Aka Saba da Shi

Dalili na biyu ya shafi aljihu. An fitar da Kindle mai launi a watan Oktoba na 2024 a kan kusan dala 280. Ko da an ƙaddara dala a kan naira 1,500, wanda a lokacin ta haura haka, kuɗin ya kama naira 420,000, wato ninki shida na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Nijeriya a wannan shekara. Malamin jami'a mai iyali ba zai kashe wannan kuɗi domin ya ga bangon littafi da launi ba. Daɗin daɗawa, sabon samfuri kan zo ne da asarar wani abu da tsohon ma'aboci ya saba da shi. Alal misali, a 2024 aka daina ƙera samfurin Oasis, wanda ke da maɓallan juya shafi da mutane da yawa ke so. Bahaushe ya ce sabo turken wawa, amma a sha'anin karatu sabon hannu da ido wani ɓangare ne na natsuwa.

3.3 Matsalar Mallaka

Dalili na uku shi ne mafi nauyi. A hankali tsofaffin ma'abota suka fahimci cewa littafin da suka biya kuɗi a kansa ba nasu ba ne. Izinin karantawa kawai suka saya, kuma littafin na ɗaure da wani kwaɗo da ke hana kwafarsa ko mayar da shi wata na'ura. A watan Yuli na 2009 Amazon ya goge wasu bugu na littattafan George Orwell guda biyu daga na'urorin mutanen da suka riga suka saya, saboda rikicin haƙƙin mallaka, ya mayar musu da kuɗinsu. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara da sunan Gandun Dabbobi a 1975. Kwafin fassarar da ke kan kantar wani malami a Zariya ba mai iya shiga ɗakinsa ya ɗauke, amma na cikin na'ura an ɗauke shi daga nesa cikin dare ɗaya. A 2019 kamfanin Microsoft ya rufe kantinsa na littattafan lantarki, littattafan da aka saya suka daina buɗuwa. A watan Fabrairu na 2025 kuma Amazon ya soke damar da masu saye ke da ita ta sauke littafi a kwamfuta su ajiye. Wanda ya ga waɗannan abubuwa ya gane cewa zanen aro ba ya rufe katara, kuma sabuwar na'ura ba ta da maganin wannan.

4.0 Na'urar a Ƙasar Hausa da Barno

Duk abin da aka zayyana a sama labarin 'yan tsiraru ne a wurinmu. Na'urar karatu ba ta taɓa zama kayan jama'a a Arewacin Nijeriya ba. Ta tsaya ne a hannun malaman jami'a da likitoci da 'yan jarida da ɗaliban da suka yi karatu a waje, kuma abin da suke karantawa a cikinta na Ingilishi ne ko Larabci. Akwai dalilai a fili. Sayen littafi a kantin na'urar na bukatar katin banki mai biyan dala. Shekara da shekaru bayan fitowar Kindle, jerin harsunan da kamfanin ke karɓa daga marubuta masu buga wa kansu littafi bai haɗa da Hausa ba. Ba a saka ƙamusun Hausa a cikinta ba, kuma wasu daga cikin nau'o'in haruffanta ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba, sai ka ga harafin ya fito da wata siffa dabam ko ɗan akwati ya tsaya a gurbinsa. Manyan ayyukan da aka gina adabin zamani a kansu, tun daga Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar na gasar 1933 zuwa abin da kamfanin NNPC ya yi ta bugawa a Zariya daga 1966, a takarda makaranci ya san su.

Duk da haka, adalci ne a faɗi cewa da wuya a sami garin da na'urar ta dace da shi kamar Maiduguri. A 2013, bayan kafa dokar ta-ɓaci, an katse layukan wayar hannu a Jihar Barno na tsawon watanni. A watan Janairu na 2021 aka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, garin ya shafe mafi yawan wannan shekara cikin duhu. A waɗannan lokuta mai wannan rubutu ya ci moriyar tsohuwar na'urarsa ƙwarai. Caji guda kan kai shi mako uku, abin da ke cikinta kuma ba ya bukatar layin waya kafin ya buɗu. Malamin da ya bar littattafansa a garinsu, mai tafiyar yini guda a mota, ya san darajar abin da zai ɗauke masa rabin laburare a aljihun riga. Sai dai ko a wancan lokaci, idan darasin gobe na rubutaccen zube ne ko waƙa, dole a koma wa tsohon kwafin takarda ko a nufi Laburaren Ramat da ke cikin jami'a, domin na'urar ba ta da abin da za ta bayar a wannan fanni.

Abin da ya shiga hannun jama'a shi ne wayar hannu, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2014 kan karatu a waya, wanda ya tattara bayanan mutum fiye da 4,000 a ƙasashe bakwai har da Nijeriya, ya nuna cewa a ƙasashe masu tasowa waya ce ke zama littafin talaka. Haka kuwa aka yi. Marubutan da a shekarun 1990 za su kai rubutunsu maɗaba'a a Kano, kamar yadda Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da takwarorinsu suka yi, magadansu sun koma sakin labari a WhatsApp da Facebook da Telegram da Wattpad, da kuma kantin OkadaBooks da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013. Ɗalibar da ke zaune a Gwange ko Bulumkutu na karanta shafin da aka rubuta a Gusau ko Maraɗi a daren da aka rubuta shi. Saboda haka idan ana maganar karatun lantarki a Hausa, maganar waya ake yi. Tsayawa muhawara kan sabon samfurin na'ura a irin wannan hali, barin jaki ne ana dukan taiki.

5.0 Nazarin Matanin da Waya Ta Haifar

Kafin a shiga suka, wajibi ne a yaba. Waya ta cire wa marubuci kuɗin takarda da na ɗab'i da wulaƙancin dillali. Ta buɗe wa matan aure da 'yan mata, waɗanda su ne mafi rinjaye a wannan fage, hanyar isa ga dubban makaranta daga cikin ɗakinsu. Muhawarar da Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka tafka a shekarun 1990 kan Adabin Kasuwar Kano ta koya mana illar gaggawar yi wa sabon adabi jana'iza. Ba wannan ce manufarmu ba. Amma akwai matsaloli uku da manazarci ba zai kawar da kai daga gare su ba.

5.1 Ƙa'idojin Rubutu

An sha wahala kafin a daidaita rubutun boko. Tun daga aikin R. M. East a Hukumar Talifi a shekarun 1930, zuwa Hukumar Harshen Hausa ta 1955, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, an yi ta ƙoƙarin tsayar da ƙa'ida guda. Mafi yawan matanin waya ya yi watsi da wannan gado. Ana iya kasa kurakuran gida uku.

Na farko, barin haruffa masu lanƙwasa. Sai "ƙafa" ta zama "kafa", "baƙi" ya zama "baki", "ɗaki" ya zama "daki", "ɓari" ya zama "bari". A jumla irin "ya ga baki a daki", makaranci ne zai yi wa marubuci aikin tantance ko baƙi aka gani ko baki. Na biyu, aron haruffan da ba na Hausa ba, kamar rubuta "qasa" a maimakon "ƙasa", ko "xan xo" a maimakon "zan zo", da gutsure kalma kamar yadda ake yi a gajeren saƙo. Na uku, haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Lamirin suna da aikatau sukan manne, a sami "tace" a gurbin "ta ce", da "yayi" a gurbin "ya yi". Alhali "tace" aikatau ne mai zaman kansa, kamar a tace koko, "yayi" kuma suna ne, kamar yayin wata atamfa.

A farkon al'amari akwai uzuri, domin tsofaffin wayoyi ba su da waɗannan haruffa. Wannan uzuri ya kau. Haruffan na cikin tsarin Unicode tun shekarun 1990, kuma allon rubutu na Gboard da ke kan wayoyin Android na da tsarin Hausa. Abin da ya rage shi ne rashin edita tsakanin marubuci da makaranci. Illar kuwa ta riga ta iso aji. Duk malamin da ke duba takardun jarrabawar Hausa a jami'a yana cin karo da waɗannan kurakurai a rubutun ɗaliban da suka fi kowa yawan karatu, domin ido na kwaikwayon abin da ya saba gani ne.

5.2 Zubi da Tsarin Labari

Yawancin labaran waya shafi-shafi ake sakinsu, kullum ko bayan kwana biyu. Akan ba da kashin farko kyauta, sannan a nemi makaranci ya biya ta banki ko da katin waya kafin a saka shi cikin zauren da ake ci gaba. Rarraba labari ba sabon abu ba ne. Littattafan Kano ma kashi na ɗaya da na biyu da na uku ake fitar da su. Bambancin shi ne, a da marubuci kan kammala kashi guda kafin ya kai maɗaba'a, yana da damar komawa baya ya gyara. A tsarin waya, shafi na 10 ya riga ya shiga hannun jama'a kafin a san abin da zai faru a shafi na 60.

Wannan na haifar da abubuwa uku da ake gani a zubin labaran. Kowane shafi dole ya ƙare da wani abin ɗaukar hankali, ko da labarin bai kai ga haka ba. Ana jan zaren labari fiye da ƙarfin jigonsa, saboda tsawo na da alaƙa da kuɗi. Sannan ra'ayin makaranta, wanda ke zuwa nan take, kan karkatar da marubuci, har tauraron da aka gina a kan wani hali ya sauya ba tare da dalili daga cikin labarin ba. A ɗaya ɓangaren kuma, tsarin ya dawo da wani abu na dandalin tatsuniya, inda mai ba da labari ke ganin fuskar masu sauraro yana auna su. Ƙwararrun marubuta sun iya amfani da wannan kusanci, hirar taurarinsu na fita da rai fiye da ta littattafai da yawa da aka buga. Wannan fage ne da ke jiran nazari na tsanaki.

5.3 Tabbatuwar Matani

Matsala ta uku ita ce ta haɗa makarancin Hausa da tsohon ma'abocin na'ura a Amurka. Ranar 30 ga Nuwamba, 2023, OkadaBooks ya rufe bayan shekara goma yana aiki. Marubutan Hausa da dama sun ɗora littattafansu a can, kuma wanda bai adana kwafinsa a wani wuri ba, aikinsa ya tafi tare da kantin. Wattpad, wanda aka kafa a Kanada a 2006, ya koma hannun kamfanin Naver na Koriya ta Kudu a 2021. Makomar dubban labaran Hausa da ke cikinsa na hannun mutanen da ba su san da zaman harshen ba. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai. Wanda ke yawo a WhatsApp ya fi kowanne rauni. Waya ta faɗa ruwa ko an sace ta, ya tafi. Idan kuma ya tsira, yakan tsira ne ta hanyar turawa daga hannu zuwa hannu, inda ake yanke wani sashe, a cire sunan marubuci, wani lokaci ma a saka wani suna.

Ga manazarci wannan babbar matsala ce. Ɗalibin da ya zo da buƙatar nazarin irin wannan labari, wane kwafi zai dogara da shi? Wace shekara zai rubuta? Wane shafi zai ambata, alhali tsawon shafi ya danganta da girman wayar mai karatu? Idan mai jarrabawa daga waje ya nemi ganin matanin, ina za a same shi? Littattafan Kano, duk da cewa da yawansu ba su ɗauke da shekarar bugu, sun bar gangar jiki da za a iya tarawa. Da haka ne Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka iya fitar da kundin sunayen ɗaruruwan littattafan da aka buga tsakanin 1987 da 2002. Adabin da aka rubuta a waya daga wajen 2013 zuwa yau ba shi da irin wannan gata.

Kada a ɗauka cewa takarda ita kaɗai ce mafita. Mazauna Maiduguri sun ga gobarar da ta cinye Kasuwar Monde a watan Fabrairu na 2023, sun kuma ga ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ranar 10 ga Satumba, 2024. Mai wannan rubutu ya taya wani abokin aiki shanya littattafan da ya tara cikin shekara ashirin, waɗanda akasarinsu sun manne sun zama curi. Wanda ke da kwafin lantarki a ranar shi ya tsira da wani abu. Amma a wannan ƙasa ta Barno ne A. D. H. Bivar ya ga wani rubutaccen Alƙur'ani mai ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669, da sharhi cikin tsohon harshen Kanembu a gefen shafukansa. Abin da ya raya wannan kundi fiye da shekara 300 shi ne samuwar zuriyar malamai da suka ɗauki tsaronsa da kwafar irinsa a matsayin aikinsu. Takarda da lantarki duka suna lalacewa. Matani na rayuwa ne idan akwai mutanen da aka ɗora wa alhakin adana shi.

6.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ana ba da waɗannan shawarwari:

(a) Sassan nazarin Hausa da cibiyoyi irin su Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da Gidan Arewa da ke Kaduna su buɗe ma'adanar matanin lantarki, inda marubuci zai miƙa kammalallen kwafin aikinsa da sunansa da shekarar da ya rubuta shi, bisa yarjejeniyar da ta tsare masa haƙƙinsa da cinikinsa. A ajiye kowane kwafi a wuri fiye da ɗaya, a kuma buga guda a takarda.

(b) Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya miƙa kwafi uku. Ya dace a nemi hanyar da manufar wannan doka za ta game aikin da bai taɓa shiga maɗaba'a ba.

(c) Malaman Hausa su kusanci ƙungiyoyin marubutan waya da bita kan ƙa'idojin rubutu da amfani da haruffa masu lanƙwasa. Ɗalibanmu da ke kammala digiri na iya zama editocin da fagen ya rasa, su kuma sami abin yi.

(d) Kamfanonin da ke riƙe da haƙƙin tsofaffin littattafanmu su fitar da ingantaccen bugu na lantarki da za a iya karantawa a ƙaramar waya, a kan farashin da ɗalibi zai iya biya da naira. Muddin ba a yi haka ba, gurɓatattun kwafin da ake ɗauka da kyamara ne za su ci gaba da wakiltar Abubakar Imam a idon matasa.

(e) Masana su zauna su tsayar da hanya guda ta ambaton matanin waya a cikin bincike.

7.0 Kammalawa

An ga yadda na'urar karatu ta taso daga 2004, ta cika siffarta cikin shekara goma, sannan ɗokin tsofaffin ma'abotanta ya kwanta saboda cikar siffar da tsada da kuma gane cewa ba su mallaki abin da suka saya ba. An kuma ga cewa a ƙasar Hausa da Barno waya ce ta ɗauki wannan aiki, ta haifar da adabi mai yawa da rai, amma mai rauni ta fuskar ƙa'ida da zubi da tabbatuwa. Darasin da tsohon ma'abocin na'ura ya koya bayan shekaru, wato ya daina kallon allon ya tambayi abin da ke cikinsa da wanda ya mallake shi, shi ne darasin da ke gaban manazartan Hausa. Magabatanmu a wannan fanni sun bi gari-gari suna tattara rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19 daga gafakar malamai, shi ya sa muke da abin koyarwa a yau. Idan ba mu fara irin wannan aiki a kan matanin waya ba tun marubutansa na raye kuma wayoyinsu na hannunsu, wanda zai rubuta tarihin adabin Hausa nan gaba zai iske giɓin shekara goma ko fiye, a daidai lokacin da Hausawa suka fi yawan rubutu da karatu.